LAUYA DA WAYAR TARHO: TARIHIN DOKAR SADARWA DAGA BAKIN TAFKIN KAINJI

Gabatarwa

A watan Afrilu na 2022, cikin azumi, ina gida Yelwan Yawuri sai kawuna ya dawo daga bakin ruwa ransa a ɓace. Shi dillalin kifi ne, kuma duk cinikinsa ta waya yake yin sa. Da asuba yakan buga wa masuntan wajen Wara ya ji abin da suka kamo, da hantsi ya buga wa masu saye na Kudu a yi tsada, kafin la'asar an ɗora kwandunan banda a mota. Ran nan ya wayi gari ana iya kiransa, shi kuwa ba ya iya kiran kowa. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini. Wa ya rufe mini baki, kuma da wace hujja?"

Na ce, "Kawu, gwamnati ce ta ce duk layin da ba a haɗa shi da lambar katin ɗan ƙasa ba, a hana shi kira." Na amsa masa rabin tambayarsa ke nan. Ɗaya rabin, watau maganar hujja, ya fi ƙarfina a lokacin. Sai daga baya na gane cewa tambayar da Kawu ya yi ita ce ainihin tambayar lauya. Injiniya shi ke kafa turken sadarwa, ɗan kasuwa shi ke zuba jari, amma wanda ke faɗin wa zai kafa, da wanda za a ci tara, da ranar da za a iya kashe sabis, doka ce rubutacciya, kuma lauya ne mai karanta ta.

Saboda haka a wannan maƙala zan fara kawo tarihin dokar sadarwa a taƙaice. Sa'an nan in bi sawun wani lauya ɗan Jiharmu ta Kebbi, Abubakar Malami, wanda muƙaminsa ya sa manyan rigingimu uku na sadarwa suka bi ta teburinsa. Niyyata ba yabo ba ce, ba kuma zargi ba. So nake mu ga yadda tambayar Kawu ta yi ta tasowa, da wanda ya sami amsa, da wanda bai samu ba.

Daga Gidan Waya Zuwa Gwanjon 2001

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo waya, kuma don aikin mulki suka kawo ta. A 1886 aka haɗa Ikko da London da wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku. Daga nan aka yi ta jan waya zuwa barikoki da ofisoshin Razdan. Ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne kacal a ƙasar baki ɗaya. A 1961 aka yi dokar wayar iska, wadda ta hana kowa kafa na'urar aika saƙo ta iska sai da lasisin gwamnati. Ma'aikatar Gidan Waya ke kula da kira na cikin gida, kamfanin NET na gwamnati kuma ke kula da na ƙasashen waje, har 1985 da aka haɗe ɓangarorin tarho biyu aka kafa NITEL.

A wannan zamani lauya ba shi da wani aiki mai yawa a harkar waya, domin gwamnati ita ce mai layi, ita ce mai sa farashi, ita ce kuma mai sauraron ƙara. Wa za ka kai ƙara, kuma wurin wa? Dattawanmu na Yelwa sun ce in mutum yana son magana da ɗansa a Kaduna, wasiƙa ce ko saƙon baki ta hannun direba. Mutanen gungu kuwa, da na ƙauyukan Shanga da Ngaski, kwalekwale da jaki su ne wayarsu.

Al'amura sun fara sauyawa a 1992, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Babangida ta fito da doka mai lamba 75, wadda ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC. Ma'anar wannan doka ita ce a raba mai wasa da alƙalin wasa. Duk da haka, har aka koma mulkin farar hula a 1999 layukan tarho na ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001, Injiniya Ernest Ndukwe yana shugabancin NCC, Alhaji Muhammadu Arzika na Jihar Sakkwato yana Ministan Sadarwa, aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja. Farashi ya tsaya a kan dalar Amurka miliyan 285 kowane lasisi. MTN da Econet suka biya, aka keɓe wa NITEL nata. A watan Agustan shekarar aka fara kira, lokacin kuwa Dokta Haliru Bello Muhammad, mutumin Birnin Kebbi, shi ne minista. Layi kaɗai yakan kai Naira 20,000, kira kuma Naira 50 kowane minti, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa.

Tun da kamfanoni suka zuba irin waɗannan kuɗi, dole su nemi sanin iyakar ikon gwamnati a kansu. Wannan ne ya haifar da Dokar Sadarwa ta 2003, wadda ita ce ginshiƙin harkar. Ta ba NCC ikon ba da lasisi da soke shi, da tsara ƙa'idoji, da sasanta rigima. Sassa biyu na wannan doka nake so mai karatu ya riƙe. Sashe na 114 ya kafa asusu na musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba, watau irin ƙauyukanmu. Sashe na 148 kuma ya ba hukumar ikon dakatar da sadarwa idan an shiga halin ta-ɓaci ko don tsaron lafiyar jama'a. Ɗaya na kawo waya, ɗaya na ɗauke ta.

Lauyan da Tarar MTN

An haifi Abubakar Malami a Birnin Kebbi a 1967. Ya sami digirin aikin lauya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 1991, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ya zama cikakken lauya a 1992, ya kuma sami lambar girma ta SAN a 2008. Ran 11 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Buhari ya rantsar da shi Ministan Shari'a kuma Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya, ya riƙe muƙamin har Mayun 2023. Shi ba a harkar sadarwa ya yi suna ba, amma ranar da ya shiga ofis ya tarar da rigimar sadarwa mafi girma a tarihin ƙasar nan tana jiransa.

Ga yadda abin ya faru. A 2011 NCC ta fito da ƙa'idar rajistar layi, wadda ta ce duk layin da kamfani ya bari yana aiki ba rajista, za a ci shi tarar Naira 200,000. A 2015 aka ba kamfanoni wa'adin yanke irin waɗannan layuka. MTN ya wuce wa'adi da layi kamar miliyan 5.2. Aka buga lissafi, a watan Oktoba aka ce ya biya Naira tiriliyan 1.04, watau dala biliyan 5.2 a canjin lokacin. Shugaban uwar kamfanin a Afirka ta Kudu, Sifiso Dabengwa, ya yi murabus. Hujjar gwamnati ita ce tsaro. Shugaba Buhari ya faɗa a gaban Shugaba Zuma a Abuja, a watan Maris na 2016, cewa layuka marasa rajista sun taimaki 'yan Boko Haram.

A Disamban 2015 aka rage tarar zuwa Naira biliyan 780, amma MTN ya garzaya Babbar Kotun Tarayya a Ikko. Lauyoyinsa suka ce ba daidai ba ne hukuma guda ta zama ita ce mai tsara ƙa'ida, ita ce mai tuhuma, ita ce kuma mai yanke tara. Kamfanin ya kuma ɗauko Eric Holder, wanda bai daɗe da sauka daga kujerar Babban Lauyan Amurka ba, don ya shiga tsakani. Sai ga tsohon Babban Lauyan Amurka da Babban Lauyan Nijeriya suna ciniki a kan layukan da ke aljihun talakawa. A Fabrairun 2016 MTN ya janye ƙara, ya ajiye Naira biliyan 50 don nuna kyakkyawar niyya. 'Yan Majalisar Tarayya suka yi ta tambayar dalilin da ya sa ofishin Ministan Shari'a ke jagorantar sulhu a kan tarar da NCC ta yanka. Ran 10 ga Yuni, 2016, aka daidaita a kan Naira biliyan 330 cikin shekara uku, tare da sharaɗin kamfanin zai shiga kasuwar hannun jari ta Nijeriya, abin da ya yi a Mayun 2019.

Abin lura a nan shi ne, tambayar da lauyoyin MTN suka kai kotu, alƙali bai amsa ta ba, domin an yi sulhu kafin hukunci.

Harajin Dala Biliyan 2

Rigima ta biyu ta taso a Satumban 2018, lokacin da aka bayyana cewa ofishin Babban Lauyan ya nemi MTN ya biya bashin haraji da kuɗin fito na kimanin dala biliyan 2. Kamfanin ya sake komawa kotu. Wannan karon hujjarsa ita ce, doka ta ɗora aikin ƙiyasta haraji a kan hukumar tara haraji da hukumar kwastan, ba a kan Ministan Shari'a ba. A Janairun 2020 ofishin ya janye buƙatarsa, ya miƙa maganar ga waɗannan hukumomi biyu. Karo na biyu ke nan da aka yi tambayar "da wace doka?" aka kuma tashi ba hukunci. Sai dai tambayar ta yi aikinta, tun da wanda ya yi ta yana da lauyoyin da za su tsaya a kanta wata goma sha shida.

Watan Yuni na 2021

Rigima ta uku ita ce ta fi taɓa ni, domin ta faɗo a tsakiyar makonnin da ƙasar Yawuri ba za ta manta da su ba. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kwara tsakanin Wara da tsallaken Jihar Neja, kaɗan ne suka tsira. Ran 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka tafi da ɗalibai da malamai. Sai a 2023 aka sako na ƙarshe cikin 'yan matan. A waɗannan kwanaki waya ce kaɗai abin da iyaye ke riƙe da shi. Ta nan ake jin an ga gawa a wuri kaza, ta nan ake jin an ga yaran a daji kaza.

Tsakanin waɗannan masifu biyu ne aka rufe Twitter, wanda aka sake wa suna X daga baya. Kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, sai Ministan Watsa Labarai, Lai Mohammed, ya ba da sanarwar dakatar da shi ran 4 ga Yuni. Kashegari ofishin Malami ya ba da sanarwar a gurfanar da masu karya wannan umurni. Nan take lauyoyi suka ja hankali ga sashe na 36, ƙaramin sashe na 12, na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce ba a kama mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin doka rubutacciya. Sanarwar minista kuwa ba doka ba ce. Ƙungiyar SERAP da wasu 'yan ƙasa suka kai ƙara Kotun ECOWAS a Abuja. Ran 22 ga Yuni kotun ta hana a gurfanar da kowa kafin ta gama shari'a. Gwamnati ta kafa kwamitin ministoci, har da Malami a ciki, don tattaunawa da kamfanin, aka kuma buɗe shi ran 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222. Ran 14 ga Yuli, 2022, kotun ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Wannan ne karo ɗaya cikin ukun da tambayar ta sami amsar alƙali. Gaskiya ne masuntan Kainji ba su damu da Twitter ba. Amma ta nan 'yan jarida da 'yan uwanmu na birane ke yayata labarin yaran Birnin Yawuri, don kada a manta da su.

Inda Ba a Yi Tambayar Ba

To, bari mu dubi wani abu da ya fi rufe Twitter nauyi a kan talaka. Ran 3 ga Satumba, 2021, NCC ta umurci kamfanoni su kashe sabis gaba ɗaya a Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Da farko mako biyu aka ce, amma a wurare da yawa abin ya kai ƙarshen Nuwamba. Aka yi haka a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da 14 na Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. An taɓa yin irin wannan a Barno da Yobe da Adamawa a 2013. Wannan shi ne irin ikon da sashe na 148 ke magana a kansa.

Ba na cewa gwamnoni ba su da dalili. Wanda ya ga abin da aka yi a Birnin Yawuri ba zai raina maganar tsaro ba. Sai dai akwai tambayoyin da lauyan talakawa ya kamata ya yi. Kwana nawa za a kashe? Wa zai duba ko kashewar ta yi amfani? Mutumin da aka kawo wa hari cikin dare, da me zai nemi taimako? Ɗan kasuwar da ya yi hasara, wa zai biya shi? MTN ya sami Eric Holder, masu Twitter sun sami SERAP, mutumin ƙauye kuwa sai ya hau dutse ko ya yi tafiyar mil da yawa neman sabis.

Mu mutanen bakin tafki mun san irin wannan tun kafin a haife mu. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya cinye gungaye da gonakin albasa da tsohon garin Busa, aka ta da mutum fiye da 40,000, Gungawa da Kambari da Lopawa da sauransu, aka zaunar da su a sababbin matsugunai. Wutar da aka samu ta haskaka birane masu nisa. Dokar da ta kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, watau HYPPADEC, sai a 2010 aka yi ta, kuma sai da aka ƙara shekara goma kafin hukumar ta fara aiki. Daga 1968 zuwa 2010 shekara 42 ke nan. Hakkin da ba a rubuta shi a doka ba, alfarma ne. Wanda aka rubuta kuma, in babu mai bin sa, yana iya kwana a takarda har jikoki.

Haka abin yake ga sashe na 114. Ƙididdigar NCC ta nuna cewa a 2013 akwai yankuna 207 da sadarwa ba ta wadace su ba, zuwa 2022 suka ragu zuwa 97, inda mutum kusan miliyan 27 ke zaune. An ci gaba, babu shakka. Amma duk wanda ya shiga jirgin ruwa daga Yelwa ya nufi kudu ya san akwai wuraren da waya ke zama ƙarfe kawai a aljihu. Kuɗin wannan asusu daga harajin da kamfanoni ke biyan NCC yake fitowa, su kuwa daga katin da Kawu ke sayawa suke samu. Ashe ke nan in ƙauye ya nemi a kafa masa turke, ba bara yake yi ba.

Kammalawa

Bari in koma kan Kawu. Hujjar da ya tambaya akwai ta. Dokar hukumar katin ɗan ƙasa ta 2007 ta wajabta amfani da lambar a wasu hulɗoɗi, a Disamban 2020 kuma ma'aikatar sadarwa, ƙarƙashin Dokta Isa Ali Pantami, ta ba da umurnin haɗa kowane layi da ita. Bayan an yi ta ɗaga wa'adi, ran 4 ga Afrilu, 2022, aka hana layuka fiye da miliyan 70 kira. Kawu ya yi kwana huɗu yana bin layi da azumi a bakinsa kafin a ɗauki yatsunsa, kifin mutane na jira. Da na yi masa wannan bayani daga baya, na kuma gaya masa akwai lamba 622 da NCC ta keɓe don kai ƙarar kamfani kyauta, sai ya ce, "To, me ya hana a gaya mana da bakin da muke ji?"

Wannan tambaya tamu ce, mu ɗaliban Hausa. Dokar 2003 da Turanci aka rubuta ta, haka dokar laifuffukan intanet ta 2015, haka dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ke magana a kan yatsun da aka ɗauka na Kawu da abin da za a iya yi da su. Sashe na 37 na Tsarin Mulki ya kare sirrin wasiƙa da zancen tarho na kowane ɗan ƙasa, amma mutum nawa ne a kasuwar Yelwa suka taɓa jin haka? Sashe na 55 kuwa ya ce za a iya gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Hausa idan an yi tanadi. Tanadin nan, watau kalmomi da fassara, ba wanda zai yi shi sai mu. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwanmu na Tsangayar Shari'a, musamman 'yan Yawuri da Ngaski da Shanga, da kada su ɗauka aikin lauya ya tsaya ga shari'ar gona da gado da zaɓe. Jiharmu ta riga ta fitar da lauyan da ya zauna a kujerar gwamnati a waɗannan rigingimu. Kujerar kamfanoni ma ba ta taɓa zama babu kowa ba. Wadda ta rage ita ce ta mai waya. Ina kuma roƙon wannan ƙungiya tamu da malamanmu, a haɗa kai da ɗaliban shari'a a fara da abu kaɗan: a fassara sassan nan da na ambata cikin Hausa mai sauƙi, a buga su a fitowa ta gaba, a kuma kai wa gidajen rediyo. Ni zan ɗauki kofi guda in kai wa Kawu, in karanta masa a bakin ruwa.